Babi na Biyar: Ƙaya, Mugunya da Maciyan Cikin Jini

Ina ɗan shekara tara ko goma na taka ƙayar aduwa a bayan gari, muna dawowa daga yankan ciyawar awaki. Na fizge ta da hannu, sai ta karye, tsinin ya rage a diddige. Kakata ta ɗauko matsefata da allura, ta zaunar da ni bakin ƙofar ɗakinta inda ake ganin haske, ta yi ta tono ina ta kururuwa, har ta gaji. Ta soke allurar a gefen zaninta ta ce, "Maigida, ashe raggo na aura. Tashi ka ba ni wuri. A bar ta ta ja ruwa, da ƙafarta za ta fito."

Ran farko wurin ya yi ja. Rana ta biyu ya kumbura ya ɗau zafi, zogi yana bugawa daidai da bugun zuciyata, ga kaluluwa ta fito mini a matsematsi. Rana ta huɗu fatar ta yi fari a tsakiya. Ta sa manyan yatsunta biyu ta matsa, mugunya ta ɓullo, a cikinta ga ɗan baƙin tsinin nan, bai fi ƙwayar riɗi ba. Ta ɗora shi a farce ta nuna mini, ta share hannu, ta koma kan kaɗinta.

Ni da ita ba wanda ya tambayi daga ina mugunyar ta zo. Ƙazanta ce, an matse ta, magana ta ƙare. Mutumin da ya fara gane aikin da ke bayanta, shi ma da ƙaya ya fara.

Sunansa Ilya Mechnikov. Masanin dabbobi ne, bai taɓa zama likita ba. An haife shi a 1845 a wani ƙauye kusa da Kharkiv, a Yukren ta yau, lokacin tana cikin daular Rasha. Ya koyar a jami'ar Odessa har 1882, sa'ad da rikicin siyasa ya ishe shi ya ajiye aikin, ya kwashi iyalinsa suka tafi Messina, a bakin teku a tsibirin Sisili na Italiya. Can ya kafa maikuroskof, madubin nan mai girmama ƙananan halittu, a falon gidan da suka kama haya. Abin da ya dame shi a lokacin ba cuta ba ce. So yake ya san yadda ƙananan dabbobin ruwa suke narkar da abinci, musamman waɗanda ba su da ciki da hanji irin namu. Yana aiki da jariran tauraron teku, saboda jikinsu garau yake kamar gilashi, ana hango komai suna raye. A cikinsu ya ga wasu ƙwayoyin halitta da ba su da mazauni, suna ta yawo. In ya sa musu garin jan launi, sai su lanƙwame shi.

Shi da kansa ya ba da labarin abin da ya biyo baya. Wata rana a ƙarshen shekarar iyalinsa sun tafi kallon wasan birai, shi kaɗai ya rage da madubinsa, sai tunani ya faɗo masa: anya waɗannan 'yan yawon ba su ne masu tsaron jiki ba? In haka ne, duk abin da ya soki dabbar za su taru a kansa, kamar yadda mugunya ke taruwa a yatsan da sartse ya shiga. Ya fita lambu ya tsinko ƙayar furen wardi, ya soka wa jariran a ƙarƙashin fata. Daren nan bai runtsa ba. Da asuba ya duba, ga su sun yi dandazo sun lulluɓe ƙayar. Dabba ce da ba ta da jijiyar jini ko ɗaya, amma ta yi abin da diddigena ya yi.

Likitoci sun riga shi ganin fararen ƙwayoyin jini. Tun 1867 Julius Cohnheim ya nuna cewa suna ratsowa daga jijiyoyin jini su zama mugunya, kuma an sha ganin bakteriya a cikinsu. Fassarar ce ta bambanta. Yawancin masana sun ɗauka cutar ce ta kutsa ciki ta mai da su abin hawa, suna yaɗa ta a jiki. Mechnikov ya juya maganar: cinye ta suka yi. Wani abokinsa a Biyana, Farfesa Carl Claus, ya taimaka masa da suna daga Girkanci, fagosait, wato ƙwaya mai ci. Mu ce maciya. Ya raba su biyu, ƙananan maciya da manyan maciya. Manyan har yau da sunan da ya ba su ake kiransu, makrofaj. Ƙananan su ne aka fi sani yanzu da nutrofil. A 1884 ya ƙara hujja da ƙumar ruwa, wata 'yar halitta da ita ma ake hango cikinta. Wani irin yis mai tsini kamar allura yana huda hanjinta ya shiga jiki. In maciya suka rinjaye shi ƙumar ta rayu, in ya fi ƙarfinsu ta mutu, yana kallo.

Masanan Jamus ba su yarda ba. A 1890 Emil Behring da Shibasaburo Kitasato suka nuna cewa ruwan jini kaɗai, wanda aka tace babu ƙwaya ko ɗaya a ciki, yana kare dabba daga dafin mashaƙo da na sarƙe-haƙora. Suka ce to ga garkuwar nan, a ruwa take, maciyan Mechnikov 'yan kwashe gawa ne kawai bayan an gama yaƙi. Shi kuma tun 1888 yana cibiyar Pasteur a Faris, kuma tsamin yaƙin 1870 tsakanin Faransa da Jamus bai gama wucewa ba, don haka gardamar ta ɗauki zafin da ya wuce na ilimi. An yi shekara kusan ashirin ana kai ruwa rana.

A Landan aka raba gardama. A 1903 Almroth Wright da Stewart Douglas suka wanke fararen ƙwayoyin jini tas, suka haɗa su da bakteriya. Ci kaɗan suka yi, kamar wanda aka miƙa wa gaya. Da aka fara jiƙa bakteriyar a ruwan jini, sai suka hau ci hannu baka hannu ƙwarya. Ashe akwai abin da ke cikin ruwan jinin da ke shafe jikin cuta ya sa ta ciwu. Suka kira shi opsonin, daga kalmar Girkanci ta abin da ake haɗa abinci da shi. Da Bahaushe ne ya gano shi, mahaɗi zai ce, kuma da ya fi su dacewa. Kowane ɓangare yana da rabin gaskiya. A 1908 aka raba kyautar Nobel tsakanin Mechnikov da Paul Ehrlich, jagoran 'yan ruwan jini.

Mu koma diddige, mu bi abin daki-daki.

A cikin jinin da bai wuce girman kan fil ba akwai jajayen ƙwayoyi wajen miliyan 5, farare kuwa tsakanin 4,000 da 11,000, fiye da rabinsu nutrofil. Ɓargon ƙashi yana ƙera nutrofil kusan biliyan 100 kowace rana, don ba sa daɗewa, yawancinsu kwana ɗaya ko 'yan kwanaki ne rabonsu. Makrofaj kuwa mazauna ne. Suna zaune a fata, a huhu, a hanta, a saifa, har a ƙwaƙwalwa, wasu wata da watanni, wasu shekaru. Da ƙaya ta huda fata ta shigo da bakteriyar ƙasa da ta saman fata, makrofaj na wurin su ne farkon ji. Sai su saki sinadaran gangami. Ƙananan jijiyoyin jini na kusa su buɗe, jini ya ƙaru, ga ja da zafi. Bangonsu ya saki, ruwa ya tsattsafo cikin nama, ga kumburi. Bangon kuma ya yi danƙo daga ciki. Nutrofil da ke wucewa a guje cikin jini sai ya fara tuntuɓe, ya riƙa mirginawa a jikin bango, ya tsaya cak, ya baje, sa'an nan ya matse kansa ta tsakanin ƙwayoyin bangon ya fito waje, kamar kyanwa ta ƙarƙashin ƙyaure.

Ba shi da ido, ba shi da ƙafa. Da sansane yake tafiya. Bakteriya tana zubar da wasu guntayen furotin da jikin mutum ba ya barin irinsu a sarari, naman da ya ji rauni shi ma yana fitar da nasa. Nutrofil yana auna ta wane gefen jikinsa warin ya fi ƙarfi, ya miƙa can. A cikinsa akwai zaruruwan wani furotin mai suna aktin, suna haɗuwa a gaba suna tura fata, suna warwarewa a baya, da haka yake rarrafe kimanin tsawon jikinsa a minti guda. Akwai wani ɗan fim da David Rogers ya ɗauka a jami'ar Vanderbilt ta Amurka a shekarun 1950, yana nan a YouTube. Nutrofil guda yana bin wata bakteriya ta tsakanin jajayen ƙwayoyi, ta yi nan ya yi nan, yana ture jajayen ba ya ko kula su, har ya cim mata. Na kalle shi ya fi sau ashirin, kuma kowane karo sai na tsinci kaina ina goyon bayansa kamar mai kallon farauta, ko da yake na san babu niyya babu fushi a cikin abin, sinadari ne ke jan sinadari.

Me ya sa ba ya taɓa jajayen? Wannan ita ce babbar tambaya, don maciyin da bai san na gida ba ya fi cutar haɗari. A jikin fatarsa akwai dubban 'yan makamai, kowanne da abin da yake kamawa. Wasu suna gane kayan da bangon bakteriya ko na naman gwari kaɗai ke da su. Wasu mahaɗin nan suke jira: ko antibodi, furotin mai siffar gwafa wanda ke kama cuta da rassansa biyu ya bar gindinsa a waje don maciyi ya riƙe, ko wasu furotin na ruwan jini da ake kira kwamplimen, masu manne wa duk baƙon da ba shi da kariya. Ƙwayoyin jikinmu kuwa suna ɗauke da shaida, wani furotin da ake kira CD47, wanda in maciyi ya taɓa shi sai ya janye. Ƙwayar da ta tsufa ko ta mutu takan juyo da wani kitse da ke ɓoye a cikin fatarta ya koma waje, alamar ta ba da kanta.

Haɗiyar kanta ba ta baki ba ce, don babu baki. Fatar maciyin ce ke tasowa ta kowane gefe kamar ana naɗe ƙullin goro a ganye. A tsakiyar shekarun 1970 Frank Griffin da Samuel Silverstein a New York suka nuna cewa ba a rufe ido ake yi ba. Makami ɗaya ya kama mahaɗi, fata ta ɗan matsa gaba, na gaba ya kama, kamar mai ɓalla maɓallan riga ɗaya bayan ɗaya. Da suka shafa mahaɗin a rabin jikin abin kawai, sai maciyin ya tsaya a rabi. In kuwa ya zagaye, leɓɓan su haɗu a sama su like, cutar ta koma cikin wata 'yar jaka da aka yanko daga fatar maciyin. Minti kaɗan ne aikin. Tana ciki, amma a kulle, ba ta taɓa kayan cikinsa ba. Kuma har yanzu da ranta.

A nan ne nake ganin ainihin maganar take, don haɗiya daban, narkarwa daban.

A cikin makrofaj akwai wasu ƙananan jakunkuna da Christian de Duve ya gano a Beljiyam a 1955, ya kira su lisosom. Cike suke da sinadaran narkarwa iri fiye da hamsin, wannan na yanka furotin, wancan na kitse, wani na sukari. Ɗaya bayan ɗaya suke zuwa su haɗe da jakar da ke riƙe da cutar su juye kayansu. A lokaci guda wasu 'yan famfuna a bangon jakar suna tura asid ciki. Ma'aunin tsamin jini 7.4 ne, na cikin jakar yakan sauka zuwa 5 ko ƙasa, inda sinadaran suka fi kaifi. Ana kuma janye ƙarfe daga jakar, don bakteriya ba ta haihuwa sai da shi. Yunwa ke nan a kan duka. Ɗaya daga cikin sinadaran, lisozayim, mai fasa bangon bakteriya, yana cikin hawaye da yawu da farin ƙwai. Alexander Fleming ya bayyana shi a 1922, shekara shida kafin fenisilin, kuma a majinarsa ya fara ganinsa yana fama da mura.

Nutrofil ba shi da wannan haƙurin. Da jaka ta rufe sai ya hau zuƙar iskar oksijin ninki-ba-ninki. Da farko an ɗauka numfashin gajiya ne, har 1959 da Anthony Sbarra da Manfred Karnovsky suka ga cewa gubar sayanaid, mai tsayar da numfashin ƙwaya, ba ta hana wannan zuƙar. A 1973 Bernard Babior ya gano inda iskar ke tafiya. Wani inji na furotin a bangon jakar yana mai da ita guba mai ƙuna, gubar ta rikiɗe ta zama haidurojin ɗin nan da ake saya a kemis a zuba a ciwo yana kumfa. Sa'an nan wani sinadari mai suna mayeloferoksides ya haɗa haidurojin da kulorin na gishirin jiki, ya fitar da bilic. Ba misali nake yi ba. Ɗan'uwan abin da ke cikin Hypo da Jik ne, ana dafa shi a jakar da ta fi ƙwayar ƙura ƙanƙanta, a kusa da cutar, nesa da naman mai jiki.

Wannan sinadarin kore ne, kuma nutrofil cike yake da shi. Shi ke ba mugunya da majina da kaki launin nan na kore-kore. A nan zan ɗan ratse. Mutane da yawa da sun ga majinar yaro ta yi kore sai kemis, a sayo kafso. Koren shaida ce cewa nutrofil sun zo sun mutu a wurin, ba ya faɗin abin da suka zo yaƙa. Murar bairos ma tana kawo shi, ita kuwa kafso bai san da zamanta ba.

Yadda aka tabbatar cewa bilic ɗin nan ba ado ba ne, labari ne mai ban tausayi. A shekarun 1950 likitoci a Amurka suka lura da wasu yara, yawancinsu maza, da maruru ba ya rabuwa da su, a fata, a hanta, a huhu, kuma kaɗan ne ke kai shekara goma. An ƙirga fararen ƙwayoyinsu, ba su gaza ba. Antibodi kuwa har ya yi yawa. A 1967 Paul Quie da abokan aikinsa a Minnesota suka sa nutrofil ɗin yaran a madubi tare da bakteriya. Suna bi, suna kamawa, suna haɗiyewa sarai. Amma bayan sa'o'i bakteriyar tana nan da rai a cikinsu, har ta sami mafaka daga magani. Injin gubar ne aka haife su babu shi. Ciwon gado ne, yana samun kamar mutum ɗaya cikin 200,000. Abin da tsoffin likitoci suka zargi fararen ƙwayoyi da shi, zama abin hawan cuta, a jikin waɗannan yaran gaskiya ne.

Nutrofil yawanci ba ya komawa gida. Ya ci, ya ƙone, ya mutu a fagen. A 2004 masu bincike a Balin suka nuna cewa wasu ma sukan fashe su watsa zaren gadonsu waje kamar koma, cuta ta maƙale a ciki. Wannan zaren yana cikin abin da ke sa mugunya kauri da yauƙi. Abin da kakata ta matse ke nan: gawarwakin nutrofil miliyoyi, da bakteriya matattu da masu rai, da naman da gubar ta narkar. Narkewar naman ce ta sassauta wa ƙayar har ta fito. Daga baya makrofaj su zo su kwashe gawarwakin, su sauya sinadaran da suke saki daga na gangami zuwa na gyara, fata ta fara haɗewa. Wasu maciyan kuma ba sa narkar da komai duka. Sukan riƙe guntaye su bi hanyar ruwan jiki zuwa matsematsi ko hammata su nuna wa sauran rundunar garkuwa kamannin baƙon. Taron da ake yi a can shi ne kaluluwa.

Kakata ta ci sa'a, ni ma haka. Ƙwayar sarƙe-haƙora a ƙasa take zaune, kuma rami mai zurfi marar iska irin na ƙaya ko ƙusa shi take so. Mai ciwon suga kuwa, nutrofil ɗinsa sanyin jiki gare su, ga jini ba ya isa ƙafa sosai. Shi kam kada ya jira komai ya ja ruwa.

Wasu cututtukan dabararsu ita ce kada a kama su tun farko. Bakteriyar sanƙarau da ta ciwon nimoniya suna sanye da riga ta wani irin sukari mai santsi. Maciyi ya kai hannu ya zame, kamar mai kamun tarwaɗa da hannu ɗaya. Sai an sami antibodin da ya san wannan rigar takamaimai, ya manne mata, ya kira kwamplimen, sa'an nan a sami abin riƙo, a wajen sanƙarau ma kwamplimen ɗin kan huda ta da kansa. Wanda jikinsa bai taɓa ganin rigar ba yakan ɗauki kwanaki kafin ya ƙera antibodin, sanƙarau kuwa a yini ɗaya yake gama aiki. A annobar 1996 mutum sama da 100,000 suka kamu a Nijeriya, fiye da 11,000 suka rasu, akasari a Arewa. Allurar MenAfriVac, da aka fara a Burkina Faso da Mali da Nijar a 2010, a Nijeriya kuma a 2011, ba komai ba ce illa sukarin rigar sanƙarau nau'in A da aka ɗaura wa wani furotin don jiki ya kula da shi. Mahaɗi ne ake tanada kafin baƙo ya iso.

Inda aka fi cafke masu rigar santsi shi ne saifa. Jini yana tafiya a hankali a cikinta ta wasu matsattsun lunguna, makrofaj jere a gefe. Aikinsu na yau da kullum ma ba yaƙi ba ne. Jar ƙwayar jini kwana 120 take yi, kuma a kowace daƙiƙa kimanin miliyan 2 ne ke tsufa, makrofaj na saifa da hanta su cinye su. Su cire ƙarfen su mayar wa ɓargo, wajen miligiram 20 zuwa 25 a rana, alhali abin da hanji ke tsotsa daga abinci bai wuce 1 ko 2 ba. Ragowar launin ya zama ruwan ɗorawa ya tafi hanta, in ya yi yawa ido ya nuna shawara. Yaron da zazzaɓin cizon sauro ya yi ta kamawa, saifarsa kan kumbura don aiki ya yi mata yawa. Mai sikila kuwa, lanƙwasassun ƙwayoyinsa ne ke toshe lungunan, saifar ta yi ta mutuwa kaɗan-kaɗan tun yana jariri, kafin ya shekara biyar sau da yawa ta tashi daga aiki. Shi ya sa zazzaɓin ɗan sikila ba a kwana da shi a gida. Wani gwaji a Amurka da aka buga a 1986 ya nuna cewa ba yara masu sikila fenisilin kullum ya rage mummunan kamuwa da bakteriyar nimoniya da kashi 84 cikin 100.

Tarin fuka ya fi su wayo duka. Shi so yake a haɗiye shi. Robert Koch ya bayyana ƙwayarsa a Balin ranar 24 ga Maris 1882, shekarar ƙayar Messina, kuma shi ne ciwon da ya kashe matar Mechnikov ta fari a 1873. Ƙwayar tana shiga da numfashi har ƙuryar huhu, makrofaj ya lanƙwame ta kamar yadda ya saba. Daga cikin jaka sai ta saki abin da ke hana lisosom matsowa, ta hana famfunan asid zama. A 1971 Armstrong da D'Arcy Hart a Landan suka ga haka da idonsu: jakar da ke da matacciyar ƙwaya tana haɗewa da lisosom, mai rayayyiya kuwa an bar ta ita kaɗai. Ɗakin yanka ya zama ɗakin haihuwa. Da jiki ya ga abin ya faskara, sai ya yi mata ganuwa da makrofaj da wasu fararen ƙwayoyi masu suna T, waɗanda ke zaburar da makrofaj ya ƙara wuta. A haka za a zauna shekaru, ba kisa ba sakewa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan kashi ɗaya cikin huɗu na mutanen duniya sun taɓa ɗaukar ƙwayar, amma 5 zuwa 10 cikin 100 ne ciwon ke tasar wa. Cutar ƙanjamau ƙwayoyin T ɗin nan take kashewa. Yunwa da ciwon suga su ma suna zaizayar ganuwar. In ta rushe, tsakiyarta da ta yi laushi kamar cuku ta fashe cikin hanyar iska, tari ya fara.

Saura abin da ba shi da rai balle a kashe shi. Makrofaj na huhu ba ya bambanta bakteriya da ƙurar hunturu ko hayaƙin murhu, duk abin da ya sauka haɗiyewa yake. Yawanci yakan hau da kayansa har maƙogwaro a kakkaro shi ko a haɗiye. Garin dutse dabam ne. Ƙwayar silika da ke tashi wajen fasa dutse, haƙar rijiya ko niƙa dutsen zinariya tana yaga jakar daga ciki, sinadaran narkarwa su zube a cikin maciyin ya mutu, ƙwayar ta fito yadda ta shiga, wani ya ɗauka. Kowace mutuwa da gangaminta, kowane gangami da tabonsa, har huhu ya taurare, kuma mai wannan huhun tarin fuka ya fi saurin kama shi. A 2018 kamfanonin zinariya na Afirka ta Kudu suka amince su biya rand biliyan 5 ga ma'aikatan da wannan ya shafa. Zaren asbestos, na tsofaffin rufi da silin, ya fi makrofaj tsawo. Makrofaj ya fara naɗewa daga wannan kai, leɓɓan ba za su taɓa haɗuwa ba, gubar ta yi ta tsiyaya a kan nama. Wanda ya haɗiyi taɓarya ya kwana tsaye, sai dai wannan kwanan shekara ashirin zuwa arba'in ne kafin ciwo ya bayyana.

Baƙin gawayi ba ya yaga jaka, ba ya kuma narkewa. Makrofaj ya haɗiye shi ya zauna da shi. Kakata tana da zanen ado a bayan hannuwanta, wanda wanzami ya tsaga mata tana budurwa aka shafa baƙin tukunya. Fatar sama tana sabuntuwa kusan kowane wata, amma zanen yana nan har ta tsufa. A 2018 masu bincike a Marsai ta Faransa suka yi wa ɓeraye zane a wutsiya, suka ga tawadar a cikin makrofaj take. Suka kashe makrofaj ɗin da gangan, zanen bai gushe ba. Tawadar ta zube a wurin, sababbi suka zo cikin 'yan makonni suka ɗauka. Kowane miƙi yakan gusar da baƙin kaɗan, wani ya bi ruwa ya tafi kaluluwa. Shi ya sa lokacin da na san hannun nan, yana riƙe da diddigena, layukan sun riga sun baje, baƙin ya koma shuɗi-shuɗi.